Tankin Ruwan Teku a Ƙasar Zafi: Murjani, Kifi Zalla, ko Ruwan Daɗi?

Duk wanda ya ga tankin murjani (halittar teku mai rai da ke kama da tsiro) a bidiyo, ga kifin nan mai launin lemo da fararen ɗamaru uku yana shige da fice, da wuya zuciyarsa ba ta raya masa ya kafa irinsa a falo ba. Sai dai yawancin masu ba da shawara a intanet suna zaune ne inda damuwarsu ita ce ɗumama ruwa. Mu da ke Garwa, Marwa, Kusiri da Injamena, tamu damuwar ta sanyaya shi ce, ga ɗaukewar wuta, ga nisan teku. Shawarar da ta yi wa mutumin Faransa daidai tana iya kashe maka kifi a daren Afrilu guda.

Hanyoyi huɗu ne a gabanka: tankin ruwan daɗi mai kifaye masu launi, tankin ruwan gishiri mai kifi da dutse kawai, tankin murjani mai laushi, da tankin murjani mai ƙashi. Ra'ayina tun daga farko shi ne, ɗakin da za ka ajiye tankin da wutar gidanka su ne za su yanke hukunci, ba kyan abin da ke cikin gilashi ba.

Abubuwan da za ka auna da su

Na farko zafi. Halittun tsaunin murjani suna son ruwa mai digiri 24 zuwa 26. A 28 suna daurewa. Idan ruwa ya kai 30 ya zauna a can, murjani sai ya kori 'yan mitsi-mitsin gansakukar da ke zaune cikin namansa, waɗanda su ne ke haɗa masa abinci daga haske. Daga nan ya yi fari fat, in ba a yi hanzari ba ya mutu. Kai ma ka san yadda Garwa da Injamena suke daga Maris zuwa Mayu, inuwa ma ta wuce 40. Ruwan tanki yana bin zafin ɗaki, famfon motsa ruwa da fitila kuma suna ƙara masa. Fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri biyu zuwa uku, ta hanyar nan da tulu ke sanyaya ruwan sha, kuma ta fi aiki lokacin da iska take a bushe. Amma ba za ta mai da 36 ya koma 26 ba. Wannan aikin kilima ne ko injin sanyaya ruwa, kuma shi injin yana fitar da zafinsa ne cikin ɗaki, don haka sai an ba shi inda zai sha iska. Mutanen Ngaundere sun fi mu sa'a, garin yana sama da mita 1,000 daga matakin teku. Su kuma sai su tanadi hita saboda daren hunturu, kodayake mu ma a Disamba da Janairu muna bukatarsa.

Na biyu wuta, kuma a nan ne aka fi yin asara. Abin da ke fara kashe kifi idan wuta ta tafi rashin iska ne a cikin ruwa. Ruwan teku a digiri 25 yana riƙe iskar shaƙa wajen miligiram 6.7 a lita, na daɗi kuwa wajen 8.3, kuma duk sa'ad da zafi ya ƙaru tana raguwa. Famfo ya tsaya, saman ruwa ya kwanta lif, kifi da bakteriyar cikin dutse suna ta shaƙar ɗan abin da ya rage. A tanki mai kifi da yawa, 'yan awoyi sun isa. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, kuma ruwanta yana ja baya ne da rani, daidai lokacin da tanki ya fi bukatar sanyi. Ka raba lissafin wutarka gida biyu. Na raya kifi ƙarami ne: famfon motsa ruwa mai wat 10, a kan batir mai bolt 12 da ampiya 100, zai yi wajen kwana biyu ko da rabin cajin kawai ka ci. Na sanyaya ruwa shi ne babba, domin injin da zai riƙe lita 200 yana cin wat 150 zuwa 300, wanda ke nufin sola mai ƙarfi ko gurup da mai kunna shi ko ba ka gida.

Na uku ruwa da gishiri. Ruwan teku yana ɗauke da wajen giram 35 na gishiri a kowace lita, wanda ma'aunin gishiri ke nunawa 1.025 zuwa 1.026. Ba gishirin miya ba ne, kuma kanwa ko manda ba za su maye gurbinsa ba. Haɗi ne na musamman da ake sayarwa a bokiti, mai kalsiyom da magneziyom da sauransu, irin su Instant Ocean, Red Sea da Tropic Marin. Ruwan da za a dama shi da shi kuma sai an tace da injin osmos, wato matatar da ke cire duk abin da ya narke a ruwa. Ruwan famfo, na foraj, na rijiya da na leda duk suna iya ɗauko nitirat, fosfat ko ƙarfe, su haifar maka da gansakuka marar ƙarewa. Ruwan da ke ɗiga daga kilima ma ka bar shi, ya bi ta kan ƙarfe ya kwaso ƙura. Ka sani injin osmos yana zubar da lita uku zuwa huɗu kafin ya ba ka ɗaya, sai ka tare na zubarwar don wanki da ban ruwan shuka.

Na huɗu hanya. Wani zai ce ai muna da teku a Kiribi da Limbe. Muna da shi, amma gaɓar tamu ba ta da tsaunukan murjani irin na Bahar Maliya, saboda manyan koguna suna kwararo mata ruwan daɗi da laka. Kifayen da ake kiwo a tanki mafi yawansu daga Indunusiya, Filifin, Siri Lanka da Kenya suke fitowa, ko daga gidajen ƙyanƙyasa. Suna zuwa ne a leda mai iska, wadda ba a so ta wuce kwana ɗaya zuwa biyu a rufe. Daga Duwala zuwa Injamena ta mota wajen kilomita 1,800 ne. Ko ka bi jirgin ƙasa na dare daga Yawunde zuwa Ngaundere, akwai sauran tafiyar kusan kilomita 280 kafin Garwa, cikin rana. Abu mai rai dai sai jirgin sama da akwatin soso mai riƙe sanyi. Gishiri da busasshen dutse su ne za su iya bin mota.

Kuɗi da lokaci su ne na ƙarshe, za su fito a ƙarƙashin kowane zaɓi.

Zaɓi na ɗaya: ruwan daɗi mai launi

Na sa shi a jerin ne domin mutane da yawa launi suke nema, ba gishiri ba. Kifayen Tafkin Malawi, dangin karfasa ne, akwai rawaya shar kamar Labidochromis caeruleus, akwai shuɗi mai zane, har baƙo yakan ɗauka na teku ne. Suna son ruwa mai nauyi, wato mai yawan ma'adinai, suna jin daɗi a digiri 24 zuwa 28, kuma ruwan famfo da aka kashe wa kulorin ya ishe su. Ba gishiri, ba injin osmos, ba fitila mai tsada. Aibinsu faɗa, sai an jera musu duwatsu da ramukan ɓuya.

Kogunanmu ma suna da abin kallo. Binuwai, Logon da Shari suna da ƙurungu iri-iri, da jan Hemichromis mai ɗigo-ɗigo masu walƙiya, da gartsa wadda ke hawowa ta shaƙi iska daga sama, don haka ɗaukewar wuta ba ta cika tayar mata da hankali ba. Waɗannan sun saba da zafinmu, kuma masunci zai iya kawo maka su da rai a bokiti. Wajen araha, ƙarko da sauƙi, babu wanda ya kamo wannan zaɓi. Abin da ba zai ba ka ba shi ne murjani.

Zaɓi na biyu: ruwan gishiri, kifi da dutse

Nan ne makarantar mai farawa, kuma nan zan fi daɗewa. Kayan aikinsa: tanki, famfon motsa ruwa, injin kumfa mai fitar da datti, hita, fanka, injin osmos, ma'aunin gishiri, ma'aunin zafi, da kayan gwajin amoniya (gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci), nitirit da nitirat. Fitila kowace iri mai kyau ta isa, tunda kifi ba ya cin haske. Wajen ma'aunin gishiri, ka sayi irin wanda ake ɗiga masa ruwa a leƙa ta ido, ya fi na roba mai allura gaskiya.

Kada ka ruɗu da ƙaramin tanki don yana da araha. Idan lita 2 ta ƙafe daga tanki mai lita 40, kashi 5 cikin ɗari ke nan, gishiri ya tashi daga 35 zuwa kusan 37 a yini guda. Lita 2 ɗin nan a tanki mai lita 200 kashi 1 ne kacal. Haka zafi, ƙaramin ruwa yana hawa da sauka da sauri. A iskarmu ta hunturu, ga fanka a kai, ruwa yana ƙafewa sosai. Lita 150 zuwa 250 shi na fi so ga mai farawa. Kuma ka riƙe wannan da kyau: abin da ya ƙafe ruwa ne zalla, gishirin yana nan, don haka da ruwan osmos marar gishiri ake cikawa kullum. Tanki mai lita 200 da dutsensa da gilashinsa yana kusan kilo 300, sai teburi mai ƙwari, gara na katako domin gishiri yana cin ƙarfe. Idan mai gilashi na gari zai haɗa maka, ka tabbata silikon ɗin ba irin na banɗaki ba ne mai maganin fumfuna, guba ne ga kifi.

Dutsen shi ne ainihin matatar tanki, a cikin ƙofofinsa bakteriya ke zama. Busasshen dutsen tanki ya fi dacewa da mu a kan wanda ake ɗebowa da rai daga teku: ba ya ruɓewa a hanya, ba ya kawo ƙwari. Marmara da yashin kogi ba su da wuri a ciki.

Sai jiran da ke gwada haƙurin kowa. Bayan ka cika ruwa, ka jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe. Amoniya za ta tashi, wasu bakteriya su mai da ita nitirit, wasu su mai da nitirit nitirat. Sai gwaji ya nuna amoniya da nitirit sun koma sifiri kafin kifi ya shiga, abin da kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Bayan nan duwatsu za su yi ruwan ƙasa-ƙasa da gansakuka na wasu makonni. Ba lalacewa ba ce, tana wucewa.

Kifi kuwa, ka fara da Amphiprion ocellaris guda biyu da aka ƙyanƙyashe a gidan ƙyanƙyasa, wato mai ɗamarun nan. Yana cin busasshen abinci, yana jure kuskuren mai koyo, yana iya wuce shekara 10. Ba ya bukatar anemon, wato halittar teku mai kama da fure da yake fakewa a ciki, don ya rayu, kuma ka ƙyale anemon ɗin, domin idan ya shige famfo ya mutu yana iya ɓata ruwan duka. Bayan mako biyu zuwa uku ka ƙara ɗaya, kamar Gramma loreto ko ƙaramin gobi. Biyar ko shida ƙanana sun isa lita 200, a ƙasarmu ma gara ka rage, saboda iska. Shuɗin kifin nan Paracanthurus hepatus da yara ke so yana kai santimita 30, ba na wannan tanki ba ne. Duk sabon kifi ya yi wajen mako 4 a wani ƙaramin tanki daban. Cutar fararen ɗigo, wadda Cryptocaryon ke kawowa, idan ta shiga babban tanki fitar da ita aiki ne, kuma maganinta na jan ƙarfe yana kashe murjani, jatan lande da dodon koɗi, ya kuma maƙale a dutse. Wanda ke da niyyar sa murjani wata rana, kada jan ƙarfe ya taɓa babban tankinsa.

Ga lissafin gishiri. Canjin kashi 10 cikin ɗari a mako lita 20 ne, wajen giram 750. A shekara kusan kilo 40 ke nan, bokiti biyu manya, ban da kilo 7 na cikon farko. A Turai bokiti ɗaya yana tsakanin Yuro 50 da 100, wato sefa 33,000 zuwa 66,000, tunda Yuro ɗaya yana kusan 656, kafin kuɗin dako da na duwan. Kada gishirinka ya ƙare kafin ka yi odar wani, domin ranar da ruwa ya ɓaci, canji mai yawa shi ne magani.

Kifi ya fi murjani jure zafi, 28 ko 29 na ɗan lokaci ba ya kashe shi idan ruwa yana motsi. Haɗarin wannan tanki matsakaici ne, kuma batir ɗaya yana rage shi ƙwarai.

Akwai wani abu na gidajenmu da littattafan waje ba sa faɗa. Maganin sauro na fesawa da na kunnawa guba ne mai tsanani ga kifi, injin kumfa kuma yana zuƙo iskar ɗaki ya dama ta cikin ruwa. Hayaƙin turaren wuta ma ta nan yake shiga. Ka yi magana da uwargida tun kafin tanki ya iso, a san ɗakin da ba a fesawa. Hannu mai sabulu ko man shafawa kada ya shiga ruwa, a kuma hana yara jefa kwabo. Wayar tankin ta bi ta na'urar katse wuta mai miliampiya 30, ruwan gishiri da lantarki ba abin wasa ba ne.

Zaɓi na uku: murjani mai laushi

Duk abin da ke sama yana nan, sai ƙari uku: fitilar murjani mai shuɗin haske da za ta yi awa 8 zuwa 10 a rana, ruwa mafi tsabta, da zafin da bai wuce 27 ba dare da rana. Fitila mai kyau a Turai tana farawa daga wajen Yuro 150, injin sanyaya ruwa kuma daga wajen 300 zuwa 600. Su biyun nan suke ninka kuɗin.

Sarcophyton, Sinularia, Discosoma mai kama da lema, Xenia mai buɗe hannu da rufewa, duk suna da haƙuri, suna girma, har ka yanka ka ba abokinka. Ba sa gina ƙashi, don haka canjin ruwa na mako-mako yakan mayar musu da abin da suka ci. A wurina wannan shi ne mafi kyan abin da mutum zai iya riƙewa a yankinmu ba tare da ya zama bawan tanki ba. Amma ka bar tankin ya yi wata uku zuwa shida da kifi kafin ka sa su, kuma in so samu ne ya tsallake bazara guda, ka ga iya zafin da ruwanka ke kaiwa.

Gargaɗi ɗaya da ya shafi ranka: wasu Zoanthus da Palythoa suna ɗauke da dafin palitoksin, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi da aka sani. Safar hannu da tabarau kafin ka taɓa, kada ka kankare su a bushe, kuma kada ka taɓa dafa dutse ko zuba masa ruwan zafi, tururin yana kwantar da gida guda.

Zaɓi na huɗu: murjani mai ƙashi

Acropora da Montipora su ne masu rassa da ake gani a hotuna. Suna zuƙe kalsiyom su gina ƙashi, don haka sai an riƙe shi a miligiram 400 zuwa 450 a lita, magneziyom wajen 1,300, KH (ma'aunin kabonet na ruwa) tsakanin 7 da 9 ba tare da tsalle ba. Wannan na nufin gwaji a kai a kai da ɗiga sinadari kullum. Yini ɗaya na zafi ko dare ɗaya babu motsin ruwa yana iya share aikin shekara. Ga kuma takarda: duk murjani mai ƙashi yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, wadda Kamaru da Cadi duk suna ciki, sai da izini yake ƙetare iyaka. Masu kauri irin su Euphyllia sun ɗan fi haƙuri, amma ko su ban ba mai farawa shawara ba.

| Ma'auni | Ruwan daɗi | Kifi da dutse | Murjani mai laushi | Murjani mai ƙashi |
|---|---|---|---|---|
| Zafin da ake so | 24 zuwa 28 | 24 zuwa 27 | 24 zuwa 27 | 25 zuwa 26 |
| Kuɗin kafawa | Kaɗan | Matsakaici | Mai yawa | Mafi yawa |
| Kuɗin wata-wata | Abinci | Gishiri, abinci | Gishiri, wutar sanyi | Duka, da sinadarai |
| Jure ɗaukewar wuta | Sosai | Da batir | Da batir da sanyi | Kusan babu |
| Ruwan osmos | A'a | Ana so ƙwarai | Dole | Dole |
| Aiki | Mako-mako | Ciko kullum, canji a mako | Haka, da gwaji | Kullum |
| Samun su | Har a gida | Jirgin sama | Jirgin sama | Jirgi da izini |
| Haɗarin asara | Ƙasa | Tsaka | Sama da bazara | Sama kullum |

Wanne ne naka?

Idan kana Marwa, Garwa, Kusiri ko Injamena, ɗakinka fanka kawai gare shi kuma ba ka da sola, ka tsaya a ruwan daɗi. Ba ƙasƙanci ba ne, kuma duk abin da za ka koya game da amoniya, keɓe sabon kifi da canjin ruwa zai yi maka aiki gobe. Haka nake faɗa wa ɗan kasuwar da ke yawan tafiya ya bar gida a hannun yara, da mai son tanki a shago ko wurin cin abinci inda ake kashe wuta da dare.

Idan kana da ɗaki mai kilima da ke aiki yawancin yini, da batir na famfo, da wanda zai cika ruwa idan ba ka nan, kifi da dutse a lita 200 ya dace da kai. Ka cika ruwa a Oktoba ko Nuwamba, kifi su iso cikin sanyi, ka samu watanni na koyo kafin Maris.

Mutumin Ngaundere, ko wanda solarsa za ta ɗauki injin sanyi dare da rana, shi ne zai iya sa ran murjani mai laushi, bayan ya bi ta matakin kifi. Shi sai ya sayi tanki da famfo masu kyau tun farko, ya bar fitilar murjani sai lokacinta ya yi.

Murjani mai ƙashi kuwa na wanda ya riga ya raya mai laushi shekara ɗaya ko biyu ne, yana da wuta ta hanya biyu, famfon ajiya a kabad, bokitin gishiri da ba a buɗe ba, da dillalin da zai nuna masa takardar CITES kafin ya biya.